Wai me za mu kira fauda kotin da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu Hausa a baki ku matso kusa, akwai kalmar da ta hana ni sakat tun daren Juma'a. Ni dai aikina kenan a warsha, wato shagon aikin alminiyom, a nan Jidda, ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, kullum hannuna cikin fauda kotin yake, wato fentin nan na ƙarfe da ake fesawa a bushe a gasa a wuta, amma wallahi sai ranar na gane ban san sunansa da harshen uwata ba. A warsha kowa budra yake cewa irin na Larabawa, Indiyawa da 'yan Fakistan su ce fauda kotin, mu ma mu bi su a haka.

Abin da ya tayar da maganar, ɗan yayata ne ya zo min da wani bidiyo a YouTube, wani Ba'amurke yana zubin kan harsashi da dalma a garejin gidansa, bayan sun huce ya yi musu irin fentinmu, suka fito ja da shuɗi da kore kamar alewar yara. Yaron ya ce Kawu ba wannan ne aikinku ba? Nace shine mana. Yace toh ya ake ce masa da Hausa, Baba na tambaya. Baban nan kakansa ne, dattijo mai shekara tamanin da wani abu, ɗan gidan maharba ne daga ƙasar Katsina kafin ya zo ya zauna a Makka wajen Shara Mansur. Na buɗe baki zan ba da amsa na rasa.

Kafin wani ya fassara ni daban, wannan sana'a ta ɗurin harsashi a gida abin ƙasashe irin su Amurka ne, can doka ta bar su, mutum ya tattara kwanson da ya harba ya sake ɗura shi don sauƙin kuɗi. Nan Saudiyya makami ba lasisi babban laifi ne kowa ya sani, ba mai wasa da wannan. Kalma nake nema kawai.

Bari in faɗi yadda abin yake don wanda bai taɓa gani ba, saboda suna ba ya zama daidai sai an san me ake raɗa wa. Fentin nan ba ruwa a cikinsa ko ɗigo, ba tina ba fetur, gari ne busasshe mai laushi kamar fulawa, asalinsa dangin roba ne da aka niƙa da launi. Ana fesa shi da bindigar feshi mai ba garin cajin lantarki, shi kuma ƙarfen an haɗa shi da wayar ƙasa, sai garin ya bi ya manne a jiki kamar yadda ƙura ke kama fuskar tsohuwar talabijin. A wannan lokacin in ka sa yatsa gogewa zai yi. Sai an tura shi tanderu, zafi wajen digiri 200, minti 10 zuwa 20, garin ya narke ya malale ya kama jikinsa ya zama fata guda mai tauri. A Jamus aka fara sarrafa shi a shekarun 1950, lokacin ƙarfen ake zafafawa a tsoma cikin garin, feshi da lantarki kuma sai a shekarun 1960 ya shigo.

Su masu harsashi dalilinsu daban da namu, mu kyau muke nema da maganin tsatsa saboda iskar tekun Jidda ba ta barin ƙarfe lafiya. Su kuma dalma ce matsalarsu, tana da laushi, in ta bi ta cikin bututun bindiga sai ta riƙa barin kanta a jikin bango, bututun ya yi datti saiti ya lalace. Shi ya sa tun da can ake yi wa kan harsashin tsagi a cika da kitse ko kakin zuma, daga baya a 1882 wani hafsan sojan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da harsashi mai rigar jan ƙarfe. Wannan fenti shi ne rigar talaka, ya raba dalma da bututu, ba maiƙo, hayaƙi ya ragu, hannu ma ba ya baƙi. Kuma yana yiwuwa ne don dalma sai ta kai digiri 327 take narkewa, fentin ya riga ya gasu tun ba a je nan ba.

Toh da na koma wajen Baba na yi masa wannan bayanin, shi ya fara ba da suna. Yace ai wannan samira ce, irin kwanukan jeren amare masu fure. Nace Baba Allah ya ƙara girma kusa ne amma ba ita bace, abin da ke jikin samira da langa gilas ne aka narka a kan ƙarfe, wutarsa ta kai wajen digiri 800, in aka sa dalma a wannan wutar ai ruwa za ta zama. Kuma samira in ta faɗi ɓantarewa take yi, namu kuwa sai dai ya lotsa tare da ƙarfen. Ya yi shiru yace toh ku nemo, amma kar ku kawo min sunan da sai an yi min tafsiri.

Wannan sharaɗin nasa shi na riƙe, da shi nake auna duk abin da aka kawo.

Na farko da kowa ke faɗa fentin hoda. Wani abokin aikina ɗan Zinder ma cewa yayi magana ta ƙare a nan, budra dai hoda ce. Ni ban yarda ba gaskiya. Hoda a kunnen Bahaushe ta kwalliyar mata ce, in ba ita ba kuma waccan ta Iblis, ba wanda zai so a ji yana waya a ƙasar nan yana cewa an kawo hoda kilo ashirin. Sannan ga babbar matsala a maganar harsashi, Bature kalma ɗaya yake kiran garin fenti da garin albarushi, mu kuma Allah ya hutar da mu muna da albarushi daban. In kace harsashi mai hoda mutum irin Baba zai ɗauka albarushin ciki kake nufi, kaga mun ɗauko ruɗanin wani harshe mun shigo da shi namu ba gaira ba dalili.

Sai fentin gari. A baki yana da daɗi kuma daidai ne, matuƙar an ja wasalin. Amma rubuta shi ka gani. Na tura wa mutum uku a WhatsApp ba tare da bayani ba, biyu suka ɗauka fentin cikin gari nake nufi, yani na gida wanda ba na kamfani ba, ɗayan ya tambaye ni wane garin. Mu da yawancin cinikinmu yanzu a rubuce yake a waya, sunan da zai rikice a rubutu bai yi ba. Garin fenti kam ya zauna, shi ne sunan kayan da ke cikin kwali kafin a fesa, wannan ba gardama.

Busasshen fenti ma an kawo, nace duk fentin duniya ai busasshe ne bayan kwana ɗaya. Wani malami ɗan Kano da muke sallah masallaci ɗaya yace gasasshen fenti ko fentin tanderu, na so wannan sosai har na kusa tsayawa a kansa, sai wani mai gyaran mota ya tuna min su ma suna da buyat furun, fentin ruwa ne da suke fesa wa mota su shigar da ita ɗakin zafi. Toh kaga gashi kaɗai bai raba mu da su ba. Dole sunan ya ɗauki abu biyu, garin da kuma wutar.

Akwai wanda yace fentin barbaɗe, dariya kowa yayi don an san me barbaɗe yake nufi a gidan kishiyoyi, aka wuce.

Inda na samu bakin zaren, Allah da iko, wajen mai tsire ne. Ina tsaye ina jiran nawa ina kallon yaron yana juya tsinke cikin garin ƙuli, ya baɗe shi ciki da waje busasshe, ya kafa a bakin wuta, garin nan ya sha zafi ya kama naman ya zama ɓawo. Nace kai, ai aikina kenan tun safe. Baɗawa sannan gasawa, ba wani abu na uku. Kuma Hausa ta saba gina suna a haka, tangaran muna ce masa faɗi-ka-mutu, ita kanta bindigar gargajiya da su Baba suka sani ai harbi-ka-ruga ce. Don haka ni abin da nake kawowa gabanku shine baɗa-ka-gasa. Fentin baɗa-ka-gasa. Ƙofar nan baɗa-ka-gasa ce ko fentin ruwa? Harsashin dalma mai baɗa-ka-gasa. Ku faɗa da baki ku ji, ni dai bai yi min nauyi a harshe ba.

Na san abin da za a ce, yayi kama da wasa, ba za a sa shi a littafi ko a labaran rediyo ba. Malamin nan ɗan Kano ma haka yace min, yace Malam a takarda sai dai gasasshen garin fenti. Ban ƙi ba, a bar wannan wa takarda, tsawonsa ne kawai ba zai bari ya rayu a warsha ba, mutum na ihu cikin ƙarar kwamfuresa ba zai tsaya jero kalma uku masu nauyi ba, budra zai ce ya huta.

Abu ɗaya da nake roƙo duk sunan da aka tsayar, in ana maganar harsashin ko wani zubi a riƙa faɗin dalma ƙarara, kar launin ya rufe sunanta. Yaron da ya kawo min bidiyon abin da ya fara cewa shine sun yi kyau kamar alewa, gabana sai da ya faɗi. Dalma guba ce, fenti ya rufe ta ne kawai bai canza ta ba, kuma mai narkata yana tare da ƙurarta da tiririn ta. Mu Hausawa ba sai an ba mu labari ba, a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara wajen Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake daka wa a cikin gidaje. Shi ya sa wanda ya kawo shawarar a ce musu harsashi mai kwalliya nace masa a'a sam.

Jiya bayan la'asar na kira Baba na faɗa masa baɗa-ka-gasa ban ƙara komai ba, yayi dariya yace wato kamar tsire, nace kamar tsire Baba. Bai nemi tafsiri ba. Saura ku, musamman 'yan uwanmu na Sudan, na Mai Wurno da Gadarif da Kasala, ku da kuka riƙe tsohuwar Hausa da mu muka sake, in akwai kalmar da maƙeranku ke faɗa wa rufin ƙarfe da aka gasa a wuta dan Allah ku kawo ta kafin Alhamis, don ranar mai rubuta allo zai zo sabunta na ƙofar warsha kuma maigidan ya yarda a sa layi ɗaya da Hausa a ƙasan Larabcin.