Kwamfuta ce ke kama ɓarna, ko wanda ke zaune a bayanta?

Injiniya: Salam 'yan uwa. Ga magana na ajiye, wanda bai yarda ba ya fito. Duk gwamnati ko kamfanin da ya iya tara bayanai masu ɗimbin yawa ya sa kwamfuta ta tace su, ya fi mai kwamiti goma gano ɓarna. Hujjata ta gida ce. A Fabrairun 2016, lokacin Kemi Adeosun tana ministar kuɗi, an sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin albashin tarayya, kuɗin da ake fitarwa ya ragu da naira biliyan 2.29 duk wata. Ba wanda ya bi ofis-ofis yana ƙirga kawuna. Lambar BVN aka gwada da jerin albashi, sai ga sunan da ke takarda daban, na mai asusun daban, ga kuma mutum ɗaya yana kwasa ta wurare da yawa.

Baba Akawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, tsarin IPPIS na biyan albashin tarayya ta kwamfuta tun 2007 aka fara shi. Me kwamfutar take yi duk shekarun nan, barci?

Injiniya: Baba, ai abin gwadawa ne babu. Sai a 2014 Babban Banki ya kawo BVN, mai haɗa duk asusun mutum da zanen yatsunsa. Jeri ɗaya ba ya tona kansa, sai an haɗa shi da wani.

Baba Akawu: To na ji. Amma a aikin gwamnati na yi furfura, ban taɓa ganin ma'aikacin bogi ya rubuta sunansa da kansa ba. Akwai mai shigarwa, akwai mai sa hannu, akwai mai kau da kai. Ka cire suna ka bar mai biron a kujerarsa, baɗi ma za ka dawo ka cire wasu.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai ku bar gwamnati ku zo kasuwa. A Kwari tun kafin a haifi Injiniya mun san wane zane zai tafi da Sallah, mun san wanda za a ba kaya bashi da wanda ko yadi ɗaya ba za a ba shi ba. Wace na'ura ce ta koya mana?

Injiniya: Hajiya, ke kin san waɗanda kika sani ne. Wanda ba shi da mai tsaya masa fa? A Kenya, kamfanin Safaricom da wani banki sun buɗe M-Shwari, tsarin ajiya da rance ta waya, a 2012. Suna duba yadda mutum ke shigar da kuɗi da fitarwa a M-Pesa, asusun tura kuɗi ta waya, da yadda yake sa kati, su yanke nawa za su ranta masa, ba jingina ba takardar fili. Mai kayan miya ta samu jari, banki ya samu kwastoman da a da ba zai ko kalla ba.

Lauya: Ɗayan gefen ma a faɗa. Irin wannan dabarar ce ta haifi manhajojin bashi da suka addabi mutane a nan. Ka karɓi 'yan dubbai, ka danna "na amince", sun kwashe duk lambobin wayarka. Ka yi jinkirin biya, saƙo ya isa wurin surukinka cewa kai ɓarawo ne. Sai da hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, ta far musu a 2022. Kamfani ya amfana da bayanan, ba musu. Mai bayanan ne ya kwana a ciki.

Hajiya Mai Atamfa: Wallahi an yi wa yaron shagona. Har ni suka turo wa, da hotonsa.

Na Zangon Lome: Bari in sa baki, tunda a ƙasar da nake zaune aka yi. Lokacin korona, a 2020, gwamnatin Togo ta fito da tallafin Novissi, ana tura kuɗi ta waya. Da za a kai shi karkara babu rajistar da ta nuna waye talaka. Sai aka haɗa kai da ƙungiyar agaji ta GiveDirectly da masu bincike na jami'ar Berkeley ta Amurka. Hotunan tauraron ɗan Adam suka taimaka aka ware gundumomi 100 mafi talauci, ana duba irin rufin gidaje da hanyoyi. A cikinsu kuma aka duba yadda mutum ke amfani da layinsa, yawan kira da katin da yake sawa, a ƙiyasta halinsa. Ba layi a gidan mai unguwa, ba "kawo ɗan wani abu in sa sunanka". Ina tare da Injiniya.

Malama: Tsohuwar da ba ta da waya fa, Alhaji? Ita ce ta fi kowa buƙata, ita ce kuma na'urar ba ta san da ita ba.

Na Zangon Lome: Wannan gaskiya ne, Malama. Amma jerin da ɗan siyasa zai rubuta da hannu ma ba lallai ta shiga ba.

Malama: Abin da ya fi damuna shi ne ranar da na'ura ta yi kuskure, wa za ka kai wa kuka? Holan ba ƙasar da za a ce ba ta da ƙwararru ba ce. Hukumar harajinta ta yi amfani da tsarin da ke zaƙulo waɗanda ake zargi da zamba a tallafin renon yara, har zama mai shaidar ƙasa biyu ya shiga cikin alamomin zargi. Dubban iyalai aka tilasta wa mayar da kuɗin da hakkinsu ne, gidaje suka tagayyara, shekaru ana ce musu lissafi ba ya ƙarya. A Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a kan haka. A nan gida ma, rigimar ASUU da IPPIS ba ƙin ci-gaba ba ce zalla. Tsarin an gina shi ne don ma'aikacin ofis, bai dace da malamin da ke koyarwa na wucin gadi a wata jami'ar ba. A ƙarshen 2023 dai gwamnati ta amince a cire jami'o'i daga cikinsa.

Injiniya: Malama, duk misalanki na waɗanda suka gina abin ba daidai ba ne. Ba su rushe maganata ba.

Malama: Sun rage mata kaifi dai. Cewa ka yi "duk gwamnati".

Baba Akawu: Ni tambayata ɗaya. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, ta 2023 aka ɗage. Wanda bai san yawan 'ya'yansa ba, da wane lissafi zai raba musu tuwo?

Injiniya: Ai an fara haɗa NIN da layukan waya tun ƙarshen 2020, Baba. Bai kai ƙidaya ba, amma ya fi zato.

Hajiya Mai Atamfa: Barista, shi yaron nawa akwai inda zai kai ƙara, ko haƙuri zai yi?

Lauya: Akwai, Hajiya. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, hukumar NDPC ke karɓar irin wannan koke, FCCPC ma haka. Ya ɗauki hoton duk saƙonnin da suka tura, har wanda ya zo wayarki, kada ya goge ko ɗaya. Ki ce ya kira ni bayan la'asar.