Mushen ɓeraye a sito: ɗa'un ne ko zazzaɓin Lassa?

Ɗan Mile 12:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana lafiya na wannan zaure. Duk damina ɓeraye na cika sito da rumfunan hatsi a kasuwannin Mile 12 da Alaba Rago na Legas, wani lokacin a wayi gari a ga mushensu alhali ba wanda ya sa musu guba. Wasu na cewa alamar annobar nan ce da malamai ke kira ɗa'un, wasu kuma na cewa ai Lassa ce aka sauya wa suna. Cuta ɗaya ce? Ta yaya take kama mutum, me ake gani a jiki? Kuma zuba maganin ɓera ya wadatar?

Likita Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ba ɗaya ba ne, ɓera kawai ya haɗa su. Lassa ƙwayar bairos ce, ana ɗaukarta daga fitsari da kashin wani nau'in ɓera idan sun taɓa abinci, kuma takan yi har kwana 21 kafin ta nuna. Ɗa'un kuwa bakteriya ce mai suna Yersinia pestis, wadda Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894, kuma ba fitsarin ɓera ke kawo ta ba. Ƙuma ce.

Ga yadda abin yake. Ƙuma ta sha jinin ɓera mai cutar, ƙwayoyin su hayayyafa a cikinta har su toshe mata mashigar ciki. Daga nan ko ta tsotsi jini ba ya wucewa, sai yunwa ta sa ta yi ta cizo babu ƙaƙƙautawa, duk cizo tana amayo ƙwayoyin cikin ramin da ta huda. Shi ma ɓeran cutar kashe shi take yi. Da jikinsa ya huce sai ƙumar ta bar shi ta nemi wani mai jini a kusa, in ba ɓera to ɗan dako ko mai shago. Abin da ya sa ke nan tun da can ake ɗaukar mutuwar ɓeraye da yawa ba dalili a matsayin gargaɗi.

Alamomi kan fito tsakanin kwana 1 zuwa 7. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, rawar sanyi, ciwon kai, ciwon jiki, kasala. Duk wannan da maleriya yake kama, a nan ake yin kuskure. Abin da ke bambanta ta shi ne kaluluwa: kumburi mai tsananin zafi a matsematsi, ko hammata, ko wuya, gwargwadon inda ƙumar ta ciza. Tunda ƙafa ta fi samu, matsematsi ya fi yawa. Kumburin kan kai girman ƙwan kaza, mai shi ba ya yarda a taɓa, har tafiyarsa takan karkace. Wannan ita ce nau'in kaluluwa, ita ta fi yawa, kuma ba a cika ɗaukarta daga mutum zuwa mutum ba. In ba a yi magani ba tana kashe kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari.

In ƙwayar ta shiga jini, sai ciwon ciki, amai, zubar jini ƙarƙashin fata, yatsu da hanci su yi baƙi saboda naman ya mutu. Wannan kan zo ko ba kaluluwa, shi ya sa ta fi wuyar ganewa. In kuma ta kai huhu, ta zama wani abu daban.

A sani dai Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake samun rahoton cutar a yanzu. Inda ta fi zama su ne Madagaska, Kwango ta Kinshasa da Peru, Amurka ma takan samu kimanin mutum 7 a shekara. Mai zazzaɓi a Legas, maleriya da taifot da Lassa za a fara duba masa.

Duba-gari Agege:

Alhaji, tambayarka ta ƙarshe ita ce tawa, kuma amsar a'a ce. In har ana zargin ɗa'un, fara kashe ɓeraye shi ne babban kuskure, don ka kashe masu ɗauke da ƙuma ka sako ta kan jama'a da yunwarta. Ƙa'ida ita ce ƙuma tukuna, sannan ɓera. Ana barbaɗa garin maganin ƙwari irin permethrin ko deltamethrin a bakin ramuka da hanyoyin da suke bi jikin bango, inda za ka ga baƙin maiƙo. Ɓeran ya kwashi garin a gashinsa ya kai har sheƙarsa. Bayan 'yan kwanaki sai a sa tarko ko guba. Kada garin ya kusanci buhun abinci, kuma don Allah a bar yayyafa ota-piya-piya a kan wake da busasshen kifi, wannan wata masifar ce daban.

Mushen ɓera ba a ɗaukarsa da hannu. A fesa masa maganin ƙwari da kewayensa, a ɗan jira, a jiƙa shi da ruwan bilic, ma'auni 1 a cikin 9 na ruwa, a sa safar roba ko a ɗauke shi da shebur, a ƙulle a leda biyu. Mai aikin ya sa dogon wando ya cusa ƙafar wandon cikin safa, ƙuma daga ƙasa take tsalle. In mushen ya yi yawa kuma an tabbatar ba maƙwabcin da ya sa guba, shugabannin kasuwa su sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma kafin a share wurin.

Sauran aikin na kullum ne: buhuna a kan katako ba a ƙasa ba, a bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai zagaya, a share hatsin da ya zube kafin a tashi. Ramin da ya kai faɗin milimita 12 ɓera zai wuce, a toshe da siminti ko ragar ƙarfe, ba tsumma ba.

Malam Obalende:

Allah ya saka wa Likita da Duba-gari. Ƙari kaɗan, kada wani ya ɗauka cutar Turai ce ta zamanin da. Ikko ta taɓa ganinta, daga 1924 zuwa 1931, ta fi tsanani a cikin tsibiri wajen Oko Awo, ta kashe sama da mutum 1,800. Masana tarihi na danganta shigowarta da fataucin goro daga ƙasar Gana ta jirgin ruwa, don Kumasi ma ta yi fama da ita a 1924. Dalilinta aka kafa hukumar tsara birnin Legas a 1928, aka rushe unguwanni da dama. Gari mai tashar ruwa kamar Apapa ba ya rabuwa da wannan haɗari, shi ya sa ake sa faifan ƙarfe a igiyoyin ɗaure jirgi don kada ɓera ya hau ko ya sauko.

A tarihin Musulunci kuwa akwai ɗa'un Amwas a Sham, shekara ta 18 bayan Hijira, wanda ya yi ajalin Abu Ubaida bin Jarrah da Mu'azu bin Jabal, Allah ya ƙara musu yarda. Hadisin da ya hana shiga garin da take ko fita daga cikinsa sananne ne.

Nas Yaba:

Likita ya tsaya a kan ta huhu, bari in ƙarasa, don ita ce mai gudu. Ba ta buƙatar ƙuma ko ɓera. Tari ne ke kai ta daga mutum zuwa mutum, a tazarar da ba ta wuce mita 2 ba, kuma tana iya nunawa cikin kwana ɗaya. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, majina da jini. In ba magani kusan ba mai tsira, kuma ana so a fara shi cikin awa 24 da fitowar alamomi. A Madagaska a 2017 an samu sama da mutum 2,400, fiye da 200 suka rasu, mafi yawansu ta huhu ce. Ku dubi yadda ake kwana mutum goma a ɗaki ɗaya a Idi-Araba ko Ijora ku auna.

Ana keɓe majiyyaci, mai jinya ya sa takunkumi, waɗanda suka zauna kusa da shi a ba su doxycycline ko ciprofloxacin na kwana 7. Gawa ma tana ɗauke da ƙwayar, don haka ba a yin wanka da sutura sai da jami'an lafiya da kayan kariya.

Ɗan Mile 12:

Na gode ƙwarai. To Likita, in yaron shago ya tashi da kaluluwa da zazzaɓi, a kai shi wurin wanzami a yi sakiya, ko a sayo ampiclox a kemis?

Likita Idi-Araba:

Ko ɗaya, Alhaji. Mugunyar kumburin cike take da ƙwayar, fasa shi na jefa wanzamin da masu riƙe yaron cikin haɗari. Dangin penisilin irin su ampiclox kuma ba sa aiki sosai a kanta, sai dai su ci kwana biyun da ake buƙata. Mafi yawan kaluluwa daga miki ne ko ƙurji a ƙafa, a fara duba nan. Amma in ta zo da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ga mushen ɓeraye a wurin, ko yaron na aiki da kayan jirgin ruwa, a kai shi asibiti a ranar, a faɗa wa likita zancen ɓerayen da baki. Za a zuƙi ruwan kumburin da sirinji, a ɗebi jini, a sanar da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC), a fara gentamicin ko ciprofloxacin ko doxycycline ba tare da jiran sakamako ba. Maganin kwana 10 zuwa 14 ne, a shanye shi duka ko da zazzaɓin ya sauka a rana ta uku.