Coniugatio a darasin lokaci mai zuwa na Latin: giredi, babi ko rukuni?

Mai tambaya: Malamai, wace kalmar Hausa ta dace da coniugatio, wato ajin aikatau a nahawun Latin? Ba a iya gina lokaci mai zuwa a Latin sai an san coniugatio ɗin aikatau. Na ɗaya da na biyu suna ɗaukar -bō, -bis, -bit, -bimus, -bitis, -bunt: amābō zan so, monēbit zai gargaɗa. Na uku da na huɗu kuwa babu b sam, wasali ne ke sauyawa: regam, regēs, reget, audiam, audiēs. Ko "giredi" ta yi?

Malamin nahawu: Ba ta yi ba. Giredin Hausa yana taɓa ma'ana: saya, sayo, sayar, saiwa ɗaya tana yawo cikin giredi daban-daban. Aikatau na Latin kuwa gidansa ɗaya, kuma gidan bai ƙara masa ma'anar komai ba, ɗafa-ƙeya kawai yake zaɓa masa. A lura kuma ita kalmar coniugatio aiki biyu take yi: jera siffofin aikatau daga "ni" zuwa "su", da kuma ajin da aikatau ya faɗa.

Malamin Sarfu: Na farkon ai tasarifi ne, ba sai an ƙirƙiro ba. Na biyun ina ganin "babi". Duk ɗalibin Sarfun Larabci ya san babin nasara yansuru da na daraba yadribu, inda babi ke yanke wasalin tsakiya. Abin da ke faruwa ke nan a nan.

Malama: Allah ya gafarta Malam, kwatancin ya zauna, amma a littafin koyo in aka rubuta "babi na uku" ɗalibi shafi zai tafi nema. A bar shi "rukuni". Kuma a nan ne ake tuntuɓe: monet da reget kamar tagwaye suke, alhali monet "yana gargaɗi" ne, rukuni na biyu, reget kuma "zai mulka", rukuni na uku, "yana mulki" regit ne. Maganinsa a duba ƙamus: monēre dogon ē, regere gajere. Regam ma fuska biyu gare shi, "zan mulka" ko "in mulka", sai jimla ta raba gardama. Erō, eris, erit na aikatau sum (kasancewa) kuwa haddacewa ake yi, ba ya bin kowa.

Mai tambaya: To amāverō fa? In ce lokaci mai zuwa na biyu?

Malamin nahawu: Kul! Wannan sunan yana da mai shi a nahawunmu: nā̂ zo, kā̂ gani, mai ɗauke da "wataƙila". Amāverō aiki ne da zai riga ya kammala kafin wani ya auku, kamar "kafin ka iso na gama". A ce kammalallen lokaci mai zuwa.

Malamin Sarfu: Na janye babi, Malama ta fi ni hujja. Tasarifi ga jerin, rukuni ga ajin.