Neman kalma: me za mu kira "fine motor skills" da Hausa?

Antin Raino: Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema a kan kalma. A takardar sakamakon 'yan ajin raino akwai layin da aka rubuta fine motor skills, ana ba yaro maki a gabansa. Muna so mu mayar da takardar Hausa saboda iyayen da ba sa karanta Turanci. Abin da ake nufi shi ne yadda yaro ke aiki da yatsunsa: ɗaukar ƙwayar wake da yatsu biyu, saka maɓalli, zira zare a ƙaramar huda, riƙe almakashi, can gaba riƙe fensir. Na tambayi manhajar fassara a waya, ta ce mini "kyawawan basirar mota". Idan na rubuta haka, gobe wani uba zai zo ya tambaye ni ko tuƙi muke koya wa ɗansa. Akwai kuma ta biyu, sensory play, wato a bar yaro ya dama yashi, ruwa, gero ko yumɓu da hannunsa. Amma mu fara da ta farkon.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Anti. Motor ɗin nan ba ta da alaƙa da motar hawa sai ta wajen asali, duka daga kalmar Latin suka fito mai ma'anar motsi. Fine kuma a nan ba kyau ba ne, ƙanƙanta ce, motsi siriri mai buƙatar nutsuwa. Kishiyarta gross motor skills, wato gudu, tsalle, hawa, jifa. Ni zan ce "ƙwarewar ƙananan motsi", ɗayar kuma "ƙwarewar manyan motsi". Sun ɗauko ma'anar duka.

Hajiya Kaka: Ɗan nan, wa ka taɓa ji ya ce "ƙananan motsi" a tsakar gida? Mu abin da muke cewa, idan yaro ya ɗauki kofi ya zubar, hannunsa bai yi ƙwari ba. Idan yarinya ta iya abu har ba ta dubawa, hannunta ya faɗa. Kuma ba sabon abu kuka zo da shi ba. 'Yar shekara huɗu ake zaunarwa gaban faifai a ce ta tsince tsakuwa daga shinkafa. Ta yi ɓarar gyaɗa, ta tsinke zogale daga itacensa, ta yi wa 'yar tsanarta kitso, ta yi carafke da ƙawayenta har a kira magariba. Maza kuma su sami kara, su ɓare ɓawon siri-siri da haƙori, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su soka wannan cikin wancan, sai ga mota har da ƙafafu huɗu masu juyawa. Ba wanda ya ba su maki.

Mai Fassara: Gaskiya ne Hajiya, amma takarda tana son suna, ba jimla ba. "Ƙwarin hannu" ke nan, ko "faɗawar hannu".

Likitan Gashi: Ku ba ni dama in shigo, don mu a sashen gashin ƙashi kullum muna fama da kalmar nan wajen yi wa iyaye bayani. "Ƙwarin hannu" zai ɓatar da mutane. Yaro yana iya damƙe yatsanka ya ƙi saki, ƙarfi ke nan, amma ya kasa ɗaukar ƙwayar gero. Jariri ma sabon haihuwa yana damƙa. Abin da ake aunawa shi ne ko yaro na iya sa kowane yatsa ya yi abin da yake so, a lokacin da yake so, ido na yi masa jagora.

Ga yadda abin yake. Hannu ɗaya, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, ƙasusuwa 27 ne. Guda 8 suna wuyan hannu, kuma lokacin haihuwa duk guringuntsi ne, ɗaya bayan ɗaya suke zama ƙashi, na ƙarshensu sai yaro ya doshi shekara goma ko ma ya haura. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su kuma ba a cikin yatsun suke ba, suna sangalin hannu, jijiyoyi ne ke ja daga can. Ku gwada yanzu: ɗora hannun hagu ƙasa da gwiwar hannun dama, ku motsa yatsun dama, za ku ji naman wurin yana rawa. Yawancin yara tsakanin wata 9 zuwa 12 suke fara ɗaukar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni. Riƙon fensir da yatsu uku sai wajen shekara 3 zuwa 4, wasu ma sai sun wuce haka ba tare da wata matsala ba. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an ba ɗan shekara biyu aikin gida ya rubuta 1 zuwa 100. Uwar ce za ta kama hannun ta rubuta, yaron yana kuka, malama ta sa maki goma.

Shawarata: "sarrafa yatsu". Ɗayar kuma "sarrafa jiki".

Antin Raino: Likita, maganar aikin gidan nan ka taɓo mana inda ke ciwo. Iyayen ne ke ƙirga shafi. Idan yaro ya koma gida da yumɓu a farce sai a ce ba a karatu a makarantar. "Sarrafa yatsu" ta kwanta mini, bari mu ji sauran.

Malam na Zariya: Ni ma ita na zaɓa, amma bari in faɗi dalili, kada a ce son rai ne. Ku dubi kalmomin da aka ƙirƙira a gabanmu. An ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa", gidajen rediyo suka yi shekaru suna maimaitawa, yau kowa kwamfuta yake cewa. An ce "wayar tafi-da-gidanka", ta koma waya kawai. "Jirgin sama" kuwa ta zauna daram, domin gajeriya ce kuma kana ji ka ga abin. "Ƙwarewar ƙananan motsi" kalma uku ce, babu hannu a ciki, babu yaro a ciki. Mai ji zai iya ɗauka girgizar ƙasa ake nufi.

Abu na biyu, a gwada kalma cikin jimla kafin a buga ta a takarda. "Bai iya sarrafa yatsu ba tukuna." "Wannan wasan yana koya wa yara sarrafa yatsu." "Sarrafa yatsu: ya yi kyau." Duk sun tafi daidai. Gwada da "faɗawar hannu": "wannan wasan yana koya wa yara faɗawar hannu." Ba ta shiga ba. Hannu a kan wani aiki takamaimai yake faɗawa, ɗinki ko girki ko rubutu, bayan an daɗe ana yi. Ƙarshen tafiya ce, mu kuwa farkonta muke nema wa suna.

Sauran kalmomin da ke da hannu a ciki duk suna da masu su. "Aikin hannu" na masaƙa da madunka ne. "Saurin hannu" kada ma a kusance ta, ba uwar da za ta so a rubuta ɗanta ya sami maki mai yawa a saurin hannu.

Basakkwace: Malam, in kun ce yatsu kun bar mu baya. Mu farce muka cewa ga abin da kuka kira yatsa, wanda kuka kira farce kuma akaifa ne wurinmu. Dariya na yi da Anti ta ce yumɓu a farce.

Malam na Zariya: Da ma na san sai kun tanka. Amma idan aka rubuta "sarrafa farce" Bakano zai ɗauka yankan farce ake koyarwa. Yatsa kuwa kuna jinta ko ba ku faɗinta.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar daga Faransanci abin ke zo mana, motricité fine da motricité globale, malaman ƙananan yara haka suke faɗinsu ko cikin Hausa suke magana. Amfanin "sarrafa yatsu" shi ne ba ta jingina da Turancin Ingilishi ko na Faransa ba, mutumin Damagaram da na Katsina za su ji ta daidai. Tambayata ɗaya ga Likita: ba yatsu kaɗai ke wannan aikin ba ko? Wuyan hannu fa?

Likitan Gashi: Haka ne, yallaɓai. Wuyan hannu yana ciki, ido yana ciki, wasu masana har leɓe da harshe da yatsun ƙafa suke haɗawa. Amma abin da malamar raino ke dubawa, da abin da uwa za ta iya yi a gida, kusan duka a yatsun hannu yake. Idan an zo rubuta littafin ɗaliban lafiya sai a ƙara bayani a ƙasa. Na fi son kalmar da ta rage kaɗan amma uwa ta gane, da wadda ta tattaro komai aka bar ta a takarda.

Mai Fassara: Na janye tawa. Sai dai ina roƙon a riƙe kishiyarta kamar yadda Likita ya ce, "sarrafa jiki", kada wani ya zo da "sarrafa gaɓoɓi", don yatsu ma gaɓoɓi ne.

Antin Raino: To mu koma kan sensory play. Ga abin da muke yi a aji, ko zai taimaka wajen suna. Ina zuba gero a babbar roba, in binne murafun kwalba da cokula, yara su lalubo. Ina kwaɓa fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kusan kofi 1 da ɗan man gyaɗa, su mulmula, su murza igiya-igiya, su gutsura. Fulawa ta yi tsada yanzu, don haka mun koma yumɓu daga wurin masu ginin tukwane, kuma wallahi ya fi, yana da tauri, yatsu sun fi yin aiki. Akwai matse soso daga kwano zuwa kwano. Akwai maƙala abin shanya a bakin kwali, wannan ƙaramin abu ne amma yatsu ukun da ke riƙe fensir su ne suke buɗe shi.

Malam na Zariya: Abin da kike yi yana da tarihi a can ma. Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907. Kayan aikinta har da firam mai ƙyalle da maɓallai don yaro ya yi ta ɓallewa yana mayarwa, da zuba hatsi daga wannan mazubi zuwa wancan, da haruffan da aka yanka daga takarda mai kaushi, yaro ya bi su da yatsa kafin a ba shi abin rubutu. Shi kuwa Play-Doh, kwaɓin mulmulawa na yara da ake sayarwa a kanti da tsada, asalinsa abin goge baƙin hayaƙi ne daga takardar bango a Amurka, sai a 1956 aka fara sayar da shi a matsayin kayan wasa.

Hajiya Kaka: Wato tuwon ƙasa ne aka sa wa launi aka rufe a roba.

Mai Fassara: Hajiya kin gama magana. Suna fa? "Wasan taɓe-taɓe"?

Hajiya Kaka: A'uzubillahi. Yaro mai taɓe-taɓe ai sai a ɓoye jaka.

Basakkwace: "Wasan ji a jiki."

Antin Raino: Wannan iyaye za su ce bulala muka sayo.

Malam na Zariya: Hausa ta sauƙaƙa mana nan. Turawa suna da kalma daban ga kunne, hanci, harshe da fata. Mu "ji" ɗaya ta ɗauke su: ka ji ƙara, ka ji ƙamshi, ka ji zaƙi, ka ji laushi. Ido ne kaɗai ya ware da "gani". Don haka "wasan ji da gani" ta haɗa duka biyar cikin kalmomin da ɗan shekara uku ma ya sani.

Ɗan Maraɗi: Ta yi daɗin faɗi, Malam, amma "ji da gani" rediyo da talabijin take kawo mini a rai. Wata uwar za ta ce ai ɗanta yana yi kullum, ta miƙa masa waya. Alhali abin da ake gudu ke nan.

Malam na Zariya: Wannan ƙorafi ne mai nauyi, ban da amsarsa yanzu. "Wasan lalube" ta dace da geron Anti, amma ba ta ɗauki ruwa da ƙamshi ba.

Likitan Gashi: Kafin ku daidaita, Anti, duk sunan da kuka sa, a rubuta gargaɗi a ƙarƙashinsa. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ba a barinsa shi kaɗai da wake, gyaɗa, maɓalli ko dutsen ado. Suna shaƙewa, suna kuma cusawa a hanci da kunne, wake kuwa idan ya jiƙa a ciki kumbura yake yi, fitar da shi sai asibiti. Kwaɓin fulawar nan gishirinsa ya yi yawa ga cikin yaro, a sa ido kada a ci. Ruwan roba ko kaɗan ne, babba ya tsaya a kai.

Antin Raino: Na rubuta, Likita. Ga abin da zan kai wa shugabar makaranta: "sarrafa yatsu" da "sarrafa jiki" a takardar sakamako. Ta ukun, wato sensory play, zan sa "wasan yashi, ruwa da yumɓu" a wannan zangon, in kira abin da sunan kayansa, har a sami wadda ta fi. Wanda ya samo ya ajiye mana a nan.

Hajiya Kaka: 'Yar nan, ki ƙara layi ɗaya ga iyayen. Su daina ɗura wa ɗan shekara uku tuwo da cokali don kada ya ɓata riga. A wanke masa hannu, a bar shi ya gutsura, ya mulmula lomar, ya danna mata rami da babban yatsa ya ɗebo miya. Rabi zai zuba a ƙirji, a wanke rigar.

Likitan Gashi: Ki sa shi a layin farko, Anti, sama da na almakashi.