Keke ko gada: wa zai raba mu da cunkoson Kano?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Na sha faɗa kuma yau ma zan sake, da kuɗin gada ɗaya tak aka ɗauka aka ware wa masu keke hanyarsu a gefen manyan titunan Kano, da cunkoson ya ragu fiye da yadda duk gadojin nan suka rage shi. Garin nan shimfiɗe yake, in ka cire Dala da Goron Dutse ina tudun? Amma mutum daga Ƙofar Mata zuwa Kwari ma sai ya tsaya jiran adaidaita. Mai ja ya fito.

Baba Direba: Wa alaikumussalam, ga mai ja na farko. Yaro ka taɓa taka feda daga Rijiyar Zaki zuwa Sabon Gari a watan Afrilu da azahar? Zafi ya haura digiri 40, kwalta na tururi, ka isa kasuwa babbar rigarka ta jiƙe sharkaf sannan ka ce wa kwastoma sannu da zuwa? Mu da muka hau Raleigh a zamanin da keke ke da daraja, har ango ake gani da shi, ba don ƙauna muka hau ba, babu ne. Ranar da muka samu babur ko waiwaye ba mu yi ba.

Injiniya: Allah ya ja kwana Baba, ai ba cewa na yi kowa ya hau ba. A Holand ruwan sama da iska da sanyi suke fama da su kuma suna hawa. Su ma fa mota ta taɓa cinye musu gari, a 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 yara ne, iyaye suka fito zanga-zanga, sai ga matsalar mai ta 1973 ta biyo baya, daga nan hukuma ta fara ware hanyar keke da gaske. Ba da keke aka haife su ba, tsari ne.

Maman Ilham: To Injiniya mu mata ina ka ajiye mu a lissafin naka? Ni da hijabi da goyo da yara biyu zan kai makaranta in wuce asibiti aiki, a kan kariyar keke zan jera su? Kuma kai kanka ka san ranar da aka ga matar aure a kan keke a titin Zoo Road ranar ba wanda zai yi wata hira a gari sai tata. Rabin mutanen gari ka zubar tun ba a fara ba.

Ɗan Kurna: Hajiya a Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso mata na hawa keke da babur da zanensu da kayan kasuwa a baya ba mai kallonsu, kuma zafin can bai gaza namu ba, wasu manyan titunan ma an ware wa masu ƙafa biyu gefensu. Sai dai gaskiya can daban nan daban, ban ce gobe za a wayi gari haka a Kano ba.

Maman Ilham: Yawwa, ka ba kanka amsa ƙanina.

Kawu Na Kwari: Ku matasa ba ku san Ojo Maduekwe ba ko? Ministan sufuri ne lokacin Obasanjo, shi ma haka ya dinga wa'azin keke har yana hawa zuwa ofis a Abuja, a 2001 bas ta ture shi ya faɗa kwalbati. Minista guda fa. To ina ga ɗan talaka a shataletale tsakanin tirela da kurkura.

Injiniya: Kawu ai hujjata ka kawo ba taka ba. Me ya sa aka ture shi? Don ba hanyar keke. Abin da nake roƙo ke nan, a sa kankare a raba, ba fenti ba.

Baba Direba: A raba a ba wa? Wallahi sati ba zai cika ba mai shayi ya kafa tebur, mai kankana ya faka baro, 'yan adaidaita su mai da wurin tasha. Gefen da aka yi wa masu tafiya a ƙasa ma ina yake yanzu, duk ya zama shago.

Malama: Ni dai tun ɗazu ina karantawa, kuma ina ganin ku duka kun tsallake abin hawan da ya fi muhimmanci, wato babbar bas mai tsari. Ku tuna yadda muka zo nan. A Janairun 2013 aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, ba a tanadi wani abu babba da zai kwashi mutanen ba, sai adaidaita ta cike gurbin, ita kuwa mutum uku ko huɗu take ɗauka ta tsaya inda ta ga dama, ka lissafa adaidaita nawa za a jera kafin su kwashe mutanen da doguwar bas ɗaya za ta ɗauka. Legas tun 2008 suka ware wa doguwar bas da ake kira BRT layinta daga Mile 12 zuwa CMS, Bogota ta ƙasar Kolombiya tun 2000. Sirrin ba a bas ɗin yake ba, a layin yake, in bas za ta maƙale a goslo ɗaya da kowa to ba wanda zai bar adaidaita ya je ya tsaya a tasha.

Ɗan Kurna: Malama an gwada fa. Ƙarshen 2022 gwamnatin Ganduje ta kawo bas-bas ta ce adaidaita su bar wasu manyan tituna, har da na Gwarzo, jama'a suka yi ca, ba a je ko'ina ba aka janye dokar.

Malama: Saboda an fara da hani kafin a wadata mutane da madadi. Kuma duk tsarin da bai yi lissafin dubban samarin da ke cin abinci da adaidaita ba, da masu ba su haya suna karɓar balas kullum yamma, to a takarda zai ƙare. Kamata ya yi su riƙa ɗebo mutane daga lunguna suna kawowa bakin babban titi, bas ta ɗauka daga nan.

Alhajin Gidaje: Ku yi haƙuri in sa baki a matsayina na dillali. Duk wannan magana ta keke da bas, tambayar ita ce a ina mutum yake kwana, a ina yake neman abinci. Kakanninmu a cikin ganuwa gida na nan, Kurmi na nan, makarantar allo na zaure, ƙafa ta ishe su. Yanzu saurayi zai yi aure haya a cikin gari ta fi ƙarfinsa, sai ya nausa bayan Ɗorayi ko Rimin Kebe ko can hanyar Dawanau ya sayi awon igiya, ba titi ba kwata ba makarantar gwamnati, amma shagonsa na Kwari ko Singa. Kullum sai ya ratsa gari sau biyu. Wannan mutumin ko kyautar keke ka ba shi sayarwa zai yi.

Kawu Na Kwari: Ai gwamnati ta gina gidaje Alhaji, ga Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya ga Bandirawo a hanyar Katsina.

Alhajin Gidaje: Ta gina Yaya, kuma gini mai kyau, ban ƙi ba. Amma wa zai iya saye? Wanda yake da mota kuma yana da wani gidan. Shi ya sa da yawansu suka yi shekaru a rufe. Mai tura baro a Singa ɗaki ciki da falo yake nema kusa da kasuwa. Ku dubi Abuja, ma'aikata na Mararaba da Nyanya da Suleja, an buɗe jirgin ƙasa na cikin gari a 2018 amma bai bi ta inda mutanen suke kwana ba, goslon Nyanya na nan yadda yake.

Injiniya: To a nan mun haɗu. In aka bar mutane su yi bene mai hawa uku huɗu a kan manyan tituna, shaguna a ƙasa gidaje a sama, nisa ya ragu, keke ya yi amfani. Kuma ku daina cewa ba mai hawa, tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500, ku leƙa wurin masu faci ku gani, kekunan da suka yi shekaru a rataye an sauke su an sa musu kaca da taya, ɗalibai da leburorin Sharaɗa da Bompai suna hawa ba tare da wani ya yi musu wa'azi ba. Suna nan a kan titi yanzu haka, kariya ce kawai ba su da ita.

Baba Direba: Talauci ne ya ɗora su ba ra'ayi ba.

Injiniya: Ko ma mene ne ya ɗora su Baba, ransu ba rai ba ne?

Maman Ilham: Ni benen nan ne ma ban gane ba. Bahaushe da tsakar gida da turke da shanya, ga maganar maƙwabci na sama yana hango matan gidan ƙasa, ka san rigimar da taga ɗaya ke jawowa a unguwa kuwa? Ni a ba ni bas mai tsafta da ke zuwa a kan lokaci, da wurin zaman mata, in ya so ku maza ku yi ta feda.

Alhajin Gidaje: Hajiya ana yin bene da tagar da ba ta kallon gidan kowa, magina sun sani. Kuma ki tambayi amaren yanzu, da yawa fulat suke cewa a nema musu, ba mai tambayata turke.

Baba Direba: Ni har yanzu ba wanda ya amsa min maganar mai shayi. Injiniya in ka gina hanyar keken taka, wa zai tashe shi, kuma wane ɗan siyasa ne zai yarda a tashe shi ana saura wata shida zaɓe?