Ina so in yi gem a kan rasuwar yayana, in fara gaya wa Inna ko in gama tukuna?

Habu Jekadafari: Assalamu alaikum. Yayana yana cikin waɗanda bam ɗin tashar Dukku ta Gombe ya rutsa da su a Disambar 2014. Ni na riƙe masa jaka har bakin titi na juyo. Har yau in na ɗauko zancen sai wuya ya shaƙe. Shi ne nake so in haɗa ɗan gem: mai wasa ya fito daga ɗakinmu da jakar, ya zaɓi abin da zai ce wa yayansa a hanya. Ba na sayarwa ba ne, kuma ina da laftof, tsohuwa ce amma tana tashi. Matsalar, Inna tana ciki, har da maganar da ta yi masa da safen. In nemi izininta yanzu, ko sai na gama?

Sadik Tumfure: Allah ya jiƙansa. Fara da sayen laftof mai ƙarfi. Dubu 350 za ka samu ta gwanjo mai ɗaukar Unity, manhajar haɗa gem.

Ɗan Bolari: Wace 350? Tawa 190 na ɗauko a Kano.

Sadik Tumfure: A wace shekara, Malam?

Injiniya Bala: Ya ce yana da laftof fa. Kuma irin wannan ba ya buƙatar Unity. Akwai manhajar Twine, kyauta ne, a burauza yake aiki, rubutu ne da zaɓi. In kana son hotuna, Ren'Py. Ba kai ne farau ba: Ryan Green da matarsa Amy sun fitar da gem ɗin That Dragon, Cancer a 2016 kan ɗansu Joel da ciwon daji ya kashe yana ɗan shekara 5. Akwai wurin da yaron ke kuka, duk abin da ka danna ba ya shiru. Da gangan suka yi shi haka.

Maman Hanifa: Ƙanina, ji nawa. Bayan mutuwar aurena na yi wata da watanni ina haɗa irin wannan da Twine ɗin, da daddare in yara sun yi barci. Gaskiya na samu sauƙi, don karo na farko ke nan da na jera abin da ya faru daki-daki, har na sa zaɓin da ban yi ba a zahiri: in tattara kayana tun shekarar farko. Na canza sunaye duka. Aminiya ɗaya na tura wa. Kafin sati ya shiga zauren WhatsApp na dangin tsohon mijina. Da me suka gane ni? Da kular abinci ja da uwargidan ta fasa. Aka kira baffana, aka zaunar da ni kamar ɓarauniya, wai na tona asirin gida a duniya, har da barazanar karɓe min yarinya. Wadda na tura wa har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Zee Pantami: Subhanallah Anti! Sun karɓe ta?

Maman Hanifa: Tana hannuna. Gem ɗin ne aka sa na goge a gabansu.

Malam Isa: Habu, mamaci addu'a da sadaka yake buƙata. Kuɗin datar nan ka sai wa masallacin unguwa butoci.

Nas Rabi: Malam, sadaka ta mamacin ce, shi kuma mai ran fa? A ɗakin masu lalurar ƙwaƙwalwa nake aiki. Wani in ya ba da labarin nauyi ya sauka, wani kuwa maimaita ranar sau ɗari wajen gwada gem sai ya tayar masa da mafarkai. In barci ya fara gagara, ya ajiye ya ga likita.

Injiniya Bala: Da girmamawa, kin taɓa haɗa gem?

Nas Rabi: Kai ka taɓa kwana da wanda ke firgita in an buga ƙofa?

Ɗan Bolari: Ni gem ɗin rayuwata mataki ɗaya ne: neman canjin ɗari biyu wurin mai keke. Ba wanda ya taɓa cinyewa.

Zee Pantami: Kai dai ba ka san wurin wasa ba.

Sadik Tumfure: In ka gama ka ɗora a Steam, kasuwar gem ta intanet, dala 25 ne kawai.

Injiniya Bala: Google Play ne dala 25, sau ɗaya. Steam dala 100 ne kowane gem. A itch.io kyauta ne, kana iya sa masa kalmar sirri ma.

Maman Hanifa: Kalmar sirri ba ta hana a ɗauki hoton allo.

Sadik Tumfure: To dala 25 ɗin ma da wane kati? Bankina ya ƙi biya, na je reshe aka ce in cike takarda in dawo Litinin.

Ɗan Bolari: Ni cire kuɗin suka yi, can bai shiga ba, nan bai dawo ba.

Nas Rabi: Wane banki ne? Don albashina ma haka suka yi min wancan watan.