Karen gadi a zafin Sakkwato: wane iri, kuma me ke sa kare ya ciji na gida?

Mai Gidan Gona:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ga likitocin dabbobi da mafarauta. Gidan gona ne a wajen Dundaye, akwai tumaki da jajayen awaki, akwai kuma maigadi da iyalinsa, har da ƙananan yara. Ana neman karen da zai yi haushi da dare ya tsare garke, amma ba zai taɓa yaran ba. Masu sayar da kwiyakwiyi kowa nasa yake yabo: wannan ya ce Alseshan, wancan ya ce Rottweiler ko Boerboel, wani ma ya ce Caucasian. Wanne zai jure bazararmu? Sannan me ke sa kare ya ciji na gida, jini ne ko riƙo? Ana kuma cewa sai an kulle shi cikin duhu, ana zuba masa barkono a abinci kafin ya yi zafi. Akwai gaskiya a ciki?

Likitan Dabbobi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ta fi ɓarna. Barkono ba ya koya wa kare gadi, ciwon ciki da zawo kawai yake sa masa. Wiwi da tiramol da wasu ke ba shi kuwa rikita shi suke yi, wani har ya kai ga jijjiga ko mutuwa. Kullen duhu yana fitar da kare matsoraci, kuma tsoro na cikin manyan dalilan cizo. Karen da bai taɓa sabawa da mutane ba, a wurinsa ɓarawo da ɗan maigadi duk ɗaya ne.

Halin kare yana kafuwa ne tsakanin mako 3 zuwa wajen mako 14 da haihuwa. Abin da ya saba da shi a wannan tsakani ba zai tsorata shi ba in ya girma. Don haka kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8, domin a wajen wasa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta baki: in ya ciji da ƙarfi ɗan'uwan ya yi ƙara, wasa ya tsaya, gobe sai ya rage. Kwikwiyon da aka ɗauke yana mako 4 ko 5 bai sami wannan ba. Da zarar ya iso gona, a sa makwancinsa cikin garken, da ɗan shinge da zai fake in tunkiya ta kai masa karo. A bar yaran su riƙa ba shi abinci gaban babba, a riƙa taɓa masa kunnuwa da tafin ƙafa da baki kullum na 'yan mintuna, ya ji ƙarar babur da injin ban ruwa, ya ga baƙi da rana.

Idan babban kare mai lafiyar hali ya fara faɗa kwatsam, ciwo ake fara nema kafin a ce ya lalace. Kaska a cikin kunne, ruɓewar haƙori, ƙaya a tafin ƙafa, ƙazuwa, ciwon ƙugu da ke yawan kama Alseshan, ko gyambon da sarƙa ta yi a wuya har tsutsa ta shiga. Wurin da ke ciwo in aka taɓa, cizo ne amsa. Bayan ciwo sai tsaron abinci: karen da ake bari da yunwa, ko ake fizge wa kwano yana ci, yana koyon kare kwanonsa da haƙori. Maganinsa a riƙa jefa masa ɗan nama cikin kwanon daga nesa yana ci, ana matsowa a hankali cikin makonni, har ya gane hannu ƙari yake kawowa. Karya mai jego kuwa tana tsare 'ya'yanta sosai a makonni uku na farko, a hana yara zuwa wurinta. Lokacin barbara ma maza kan yi faɗa a kan karya, kuma mai raba su da hannu shi ake ciza. Bokitin ruwa ko faifan katako ake sa wa tsakaninsu.

Kare ba ya cika cizo ba tare da gargaɗi ba, mu ne ba mu karantawa. Yana fara lasar baki da hamma ba don barci ba, ya kau da kai, ya kwantar da kunnuwa, farin idonsa ya fito, sai jikinsa ya sandare. Sandarewar nan ita ce ta fi haɗari. Sai gurnani, sai yage baki. Wanda ke dukan kare don ya yi gurnani gargaɗin kawai ya kashe, tsoron na nan, ran da zai ciji ba za a ji komai ba. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce. In ta miƙe sama ta ƙage tana rawa kaɗan kaɗan, a ja da baya.

Batun jini, akwai binciken da aka buga a mujallar Science a 2022 kan karnuka sama da 18,000, ya nuna cewa iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Abin da iri ke yankewa shi ne girman ɓarnar in cizon ya faru.

Ɗan Baka:

Dakta ya yi magana, Allah shi saka. Amma wagga magana ta jini ina da ƙari. Ko da iri bai faɗi komai ba, uwa tana faɗi. Kada Alhaji shi sayi kwikwiyo a bakin titi cikin kwali. A tafi gidan da aka haife shi a ga uwar. In tana ɓoyewa bayan randa tana gurnani, ko ba a iya fito da ita sai da sanda, a bar 'ya'yanta komai kyansu. Cikin kwiyakwiyin kuma, a tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi: wanda ya firgita ya dawo yana shinshina shi ake so. Wanda ya gudu bai dawo ba, da wanda ke danne 'yan'uwansa yana hana su nono, duka biyun ba su dace da gidan da ke da yara ba.

Caucasian dai a cire shi. Karen duwatsun ƙanƙara ne, gashinsa ninki biyu, namijinsa ya haura kilo 50. A Afrilu da Mayu nan ana wuce digiri 40, shi kuwa kare ba ya gumi irin namu, haki yake yi don ya huce. Irin wanga sai ɗaki mai sanyi, ina gadi? Rottweiler baƙi ne mai nauyi, zafi na kayar da shi da wuri. Boerboel ya fito daga gonakin Afirka ta Kudu, gashinsa gajere, ya fi su jurewa, amma yakan kai kilo 60 zuwa sama. In ya tashi, maigadi ɗaya ba ya riƙe shi, kuma cinsa cin babban mutum ne. Alseshan yana da basira da saurin ɗaukar horo, namijin kilo 30 zuwa 40, sai dai kaska na cinsa ƙwarai, kuma barbarar dangi da masu neman kuɗi ke yi ta sa da yawa matsorata ne masu raunin ƙugu.

Ga aikin da Alhaji ya faɗi, karen gida namu mai gajeren gashi shi ne zaɓina, ko ruwa biyu tsakaninsa da Alseshan. Na gidan da wuya ya wuce kilo 20, yana jure rana da kaska, kunnensa na da kaifi, kuma abin da ake nema a gona haushi ne da zai ta da maigadi. Akwai kuma dogon karen Buzaye da ake kira Azawak, daga ƙasar Azawak ta Nijar da Mali, siriri mai dogayen ƙafafu, kilo 15 zuwa 25. Zafi ba ya damunsa, yana tsaron zango, amma jinin farauta ne: duk abin da ya ruga binsa yake. In ba a cikin awaki ya tashi ba, 'yan awakin ne za su sha wuya. Karen da aka riga aka fita daji da shi ma kada a kawo shi garke.

Abinci sau biyu ga babba, da sassafe da bayan magariba. Kwikwiyo sau huɗu har wata 3, sau uku har wata 6. Tuwo ko shinkafa zalla ba su isa ba, a haɗa da nama, kifi ko ƙwai. Kayan ciki daga mahauta a dafa su sosai. Huhu ko hantar tunkiya mai ƙullutun ruwa a jiki kada a jefa wa kare, ƙwayar tsutsa ce. Ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashi ya koma wa dabbobi da mutane. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Ban da albasa da tafarnuwa, suna lalata jini. Ban da goro. Ruwa kuwa kare mai kilo 20 yana shan lita ɗaya da ɗoriya a ranar sanyi, da bazara a ninka, a ajiye cikin kasko a inuwa.

Maman Asibiti:

Sannunku da ƙoƙari. Tunda akwai yara, ga abin da ya kamata matar maigadi ta sani tun kafin karen ya zo. Yaro ba ya zuwa wurin kare in yana ci, yana barci, ko yana ɗaure. Ba a hawansa, ba a jan kunne ko wutsiya. In kare ya taso, yaro ya tsaya cik, ya haɗe hannuwa a ƙirji, ya juya gefe, kada ya kalle shi ido cikin ido, kada ya ruga. In ya faɗi, ya dunƙule ya rufe wuya da kunnuwa da hannu.

In an yi cizo ko yaƙushi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo. A shafa aidin, a tafi asibiti a ranar, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko mafi kusa. Kada a zuba toka, barkono ko ƙonannen gashin karen, kada a je kemis a ɗinke. Allurar rigakafin haukan kare ba ɗaya ba ce, ana yin ta ranar farko, rana ta 3, ta 7, a ci gaba yadda likita ya tsara, kuma in cizon ya yi zurfi ko ya kusa da kai akwai wata da ake yi a cikin raunin kansa. Cutar takan kwanta wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako ɗaya, wani har shekara, kuma in alamunta suka fito kusan ba a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yara kan ɓoye cizo don tsoron faɗa, a gaya musu ba wanda zai dake su in sun faɗa.

Mai Gidan Gona:

Allah ya saka da alheri, na gamsu da karen gida. Saura biyu, Dakta: da rana ina za a ajiye shi in ba sarƙa ba? Kuma fiɗiya tana rage faɗa?

Likitan Dabbobi:

Alhaji, gajeriyar sarƙa tana hana kare gudu in ya tsorata, ba abin da ya rage masa sai cizo kawai, kuma yara sun fi tsokanar ɗaurarre. A yi masa shinge na waya, kamar mita 3 da mita 4, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ko rumfar zana. Ɗakin kwano zalla da rana tanda ce. In dole sai an ɗaure, a ja waya mai tsawon mita 10 tsakanin turaku biyu, a sa zobe mai zamewa, abin wuyan kuma ya zama na fata ko ƙyalle da yatsu biyu ke shiga ƙarƙashinsa. A fita da shi yawo bayan asuba da bayan faɗuwar rana. In ya fara haki mai tsanani, harshe ya yi ja jawur, yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a kan cikinsa da cinyoyinsa, a yi masa fifita, a nemi likita. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen, guba ne a gare shi.

Fiɗiya tana rage yawon bin karya da faɗa da sauran maza. Ba ta warkar da cizon tsoro, ba ta kuma hana haushin gadi. A asibitin dabbobi ake yin ta da allurar barci, ba a gida da reza ba.

Rigakafi: allurar farbo da sauran cututtukan kwiyakwiyi tana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har mako 16. Farbo ita ce mai amai da zawon jini da ke kashe kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan. Ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara, a riƙe katin. Maganin tsutsa duk mako 2 har wata 3, duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitocin dabbobi na jiha suna duba karnuka.

Ƙari a kan bayanin Maman Asibiti: karen da ya yi cizo a killace shi kwana 10 ana ba shi ci da sha, amma wanda aka ciza ya fara allura, kada ya jira. Mahaukacin kare ba dole ne ya gudu daga ruwa ba, a mutum aka fi ganin wannan. Alamunsa sauyin hali, sauyin muryar haushi, cizon itace da ƙarfe, dalalar miyau. Akwai kuma nau'in shiru, wanda muƙamuƙi ke saki kamar ƙashi ya maƙale a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa don cirowa. In ya mutu ko an kashe shi, kada a fasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa a tabbatar, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato. Duk tunkiya ko akuyar da ya ciza a ware ta, a sanar da likita, don su ma suna kamuwa.